Takabar Fanta

Kafin a kira sallar azahar Fanta ta riga ta juya Hajja sau uku. Haka aikin yake kullum: a ɗaga tsohuwar daga ɓarin dama a mayar da ita hagu, a zare tsumman da ke ƙarƙashinta, a goge ta da ruwan ɗumi, a shafa magani inda fata ta fara salewa. Tun da ɓarin jikinta ya shanye ba wanda ya iya wannan aiki a gidan sai Fanta, domin ba wanda ya taɓa gwadawa.

Gidan yana Fagge, na Hajja ne, ta gaje shi daga mahaifinta, wani Babarbare da fataucin kanwa ya kawo Kano. 'Ya'yanta biyu. Babban shi ne Mala, mai sarin yadi a wurin Kwarori, Larabawan nan masu kantuna, yana zaune a sashen gaba da matarsa Yagana. Ƙaramin shi ne Abdulgani, mijin Fanta, tela, wanda ya hau motar garin Fallomi, can gabas kan hanyar Sudan, a shekarar 1947 da niyyar aikin hajji, ya ce zai yi ta ɗinki a hanya har Allah ya kai shi. Wasiƙa biyu ya aiko a shekarar farko. Daga nan shiru. Yanzu ana cikin 1951.

Mala mutum ne mai son zancen shari'a. Bai yi karatun alƙalanci ba, amma duk la'asar sai an shimfiɗa tabarmi a zaurensa, dillalai da fataken da suka sauka a gidan su taru, a ɗauko hukuncin da aka yanke a makon a yi ta feɗe shi. Yau rikicin iyakar gona, gobe raƙumin da aka saya da ɓoyayyen ciwo, jibi yadda kotun Turawa ta rushe hukuncin da alƙali ya yanke. Ɗakin Hajja bango ɗaya ne ya raba shi da zauren, ga kuma 'yar taga a sama. Don haka duk abin da Fanta ta sani na shari'a, a durƙushe ta koye shi, da tsumma a hannu.

Wata la'asar ta ji ana zancen wata mata da mijinta ya tafi Ikko, shekara biyu ba labari, alƙali ya raba auren. Muryar Mala ta fi ta kowa tashi.

“Wannan hukunci ya yi,” in ji shi. “Shari'a ba ta yarda a bar mace a rataye ba. Ko dai aure, ko dai saki. Wanda ya bar 'yar mutane haka, ai sai ya yi bayani gaban Allah.”

Washegari da safe, da ya shigo gaida mahaifiyarsa, ya tsaya a bakin ƙofa kamar yadda ya saba, don ba ya son warin ɗakin. Fanta ta durƙusa.

“Yaya, ina da magana.”

“Ina jin ki.”

“Jiya na ji kuna zancen matar nan ta mutumin Ikko. Ni shekarata huɗu.”

Mala ya dube ta kamar bai gane yaren ba. Can ya yi murmushi.

“Fanta, ai ba ɗaya ba ne. Wancan yawon duniya ya tafi. Naki ɗakin Allah ya nufa. So kike ya dawo da tsarabar Makka ya tarar an ɗaura miki aure da wani? Kin rasa ci ne a gidan nan? Kin rasa sutura?”

“Ban rasa ba.”

“To, ki yi haƙuri. Kuma kada Hajja ta ji wannan magana, zuciyarta ba za ta ɗauka ba.”

Hajja na kwance tsakaninsu, idonta biyu. Kalma ɗaya ce ta rage a bakinta, guntun sunan Abdulgani, ita take maimaitawa in tana jin yunwa, ko ƙishirwa, ko ta ɓata shimfiɗa: “Gani, Gani.”

Fitar da Fanta ke yi ɗaya ce a wata, zuwa wani ƙaramin ɗakin magani a Sabon Gari don karɓo man shafawar Hajja. Takan ratsa ta bayan kasuwa, ta wuce masu soya doya da masu gyaran keke, ta bi layi tare da matan Inyamurai da na Yarabawa. Mai ba da maganin wata ce Malama Biriskila, Bahaushiya Kirista daga wajen Zariya, mai magana a gaggauce. Rannan ta miƙa wa Fanta gwangwanin, sai ta riƙe hannunta ta juya shi. Fatar yatsun duk ta tsage saboda ruwan toka.

“Wai ke kaɗai ce a gidan naku?”

“Akwai mutane.”

“Ina mijinki?”

Fanta ta faɗa mata. Biriskila ta saki hannun.

“'Yar'uwa, ni ba addininmu ɗaya ba, amma a Zariya na tashi, na san ƙofar alƙali ba ta da mai gadi. Shekararki nawa?”

“Talatin da biyu, ina ji.”

“Kin taɓa haihuwa?”

“Ɗaya. Bai zauna ba.”

“Kina son wani?”

Fanta ta ɗaure gwangwanin a gefen zane. Amma da ta fito, maimakon ta yi gida, sai ta tambayi hanyar kotu.

Alƙalin dattijo ne mai sanyin murya. Ya saurare ta har ta gama, ya sa aka kira Mala. Mala ya zo da babbar riga, ya yi gaisuwa mai kyau.

“Allah ya gafarta Malam, ni ke ciyar da ita a madadin ƙanena, ni ke tufatar da ita. A tambaye ta.”

Aka tambaye ta, ta ce gaskiya ne.

Alƙali ya ce to ba a raba aure don rashin ciyarwa ke nan. Saura cutarwar rashin miji. A nan shari'a ta ce a rubuta wa mijin: ko ya dawo, ko ya aiko a kai masa matarsa, ko ya sake ta. Muhuti, wato magatakardan kotu, ya rubuta takarda, aka buga hatimi. Sai batun wanda zai kai. Mala ya ce fataken Fallomi a gidansa suke sauka, a ba shi.

Bayan wata biyar ya kawo amsa kotu, rubutun ajami a farar takarda. Abdulgani yana gaida mahaifiyarsa da yayansa da iyalinsa, yana nan lafiya a ƙasar Sudan, guzuri ne ya yanke masa, bana zai haye teku, in ya sauke farali zai juyo. A yi masa haƙuri. Alƙali ya ce mutumin da ke kan hanyar farilla yana da uzuri, a ba shi lokaci. Ya rufe littafi.

Fanta ta roƙi a ba ta takardar ta riƙe. Mala ya ce ta kotu ce.

A gida ba wanda ya zage ta. Yagana dai ta daina amsa gaisuwarta na 'yan kwanaki, sannan ta ce, tana tsince shinkafa ba ta ɗago kai ba, “Ni da mijina ne ya tafi Makka, ko shekara ashirin ne sai in zauna. Amma kowa da halinsa.” Da damina ta sauka, sai aka ce rufin ɗakin ajiyar yadi yana yoyo, za a ɗan zuba diloli a ɗakin Fanta. Tun da dama a wurin Hajja take wuni, ai sai ta koma can gaba ɗaya. Ta kwashe tabarmarta da akwatinta ta koma. Damina ta wuce, dilolin ba su fita ba.

Alhazan wannan shekara suka dawo, na shekara mai bi musu ma suka dawo. A 1954 Fanta ta sake komawa kotu. Wannan karon Mala ya zo da mutum biyu cikin baƙin zaurensa, masu fataucin fata. Suka ce da idonsu sun ga Abdulgani a kasuwar Madani ta ƙasar Sudan, a kan keken ɗinki, ya yi ƙiba, har ya ba su shayi. Ɗayan ya ƙara da cewa ya ce a gaida Hajja. Alƙali ya ce da ɓatacce ne, da sai a ɗibar mata shekara huɗu daga yau, in ba labari ta yi takaba ta fita. Amma wanda shaidu biyu suka gani da rai ba ɓatacce ba ne. A sake rubuta masa.

A hanyar dawowa Mala na gaba tana baya. Da suka iso ƙofar gida ya tsaya.

“Sau biyu ke nan kin tsayar da ni gaban alƙali, mutanen da nake ciniki da su suna kallo. Ban riƙe ki ba. Amma na lura duk daga zuwa Sabon Garin nan ne. Ƙanena amana ya bar mini. Daga yau ni zan riƙa karɓo maganin.”

Wata na farko ya karɓo. Na biyu ya manta. Daga nan sai in Fanta ta tuna masa sau uku. Tsakanin haka takan narka man shanu ta shafa, gyambon bayan Hajja ya buɗe ya yi baki, ƙuda suka gane ɗakin. Fanta ta koyi yin fifita da hannu ɗaya tana ba da kunu da ɗayan. Bayanta ya fara ciwo daga ɗaga tsohuwar, tun tana miƙewa da ƙyar har ta daina miƙewa sosai. Matan da ke shigowa biki ko suna a sashen Yagana sukan leƙo, su toshe hanci da gefen mayafi, su ce, “Sannu Fanta, kina shan lada. Aljanna kike ginawa.” Su saki labule.

Ba ta sake zuwa kotu ba. Ba wai ta yanke shawarar haka ba ne. Kwanakin ne suka zama iri ɗaya, har ta daina sanin Talata daga Laraba sai in ta ji tambarin Juma'a. Wani lokaci takan nemi fuskar Abdulgani a ranta ta rasa, sai dai bayan wuyansa yadda yake sunkuyawa kan ɗinki. Ta bar yin kitso. Ta bar jin warin ɗakin. Zaure bai fasa cika ba. Ta taga ta ji an yi muhawarar ko shaidar makaho tana karɓuwa a ciniki, da wanda ke da alhaki in jaki ya ci hatsin maƙwabci, da jita-jitar cewa gwamnati za ta kawo sabuwar dokar laifuffuka. Tana jin su kamar yadda take jin kukan jirgin ƙasa daga tasha.

Hajja ta rasu da hantsi, ranar wata Lahadi cikin watan Agusta na 1958. Fanta na ba ta ruwa da ludayi, ruwan ya dawo ta gefen baki. Ta goge, ta sake gwadawa, ya sake dawowa. Ta ajiye ludayin, ta rufe mata ido, ta daidaita ƙafafunta, sannan ta fita ta faɗa wa Yagana. Yagana ta fasa ihu har maƙwabta suka shigo. Fanta ta koma ta ɗora ruwan wanka.

Bayan sadakar bakwai Mala ya je kotu batun gado. Da la'asar ta ji shi a zaure, murya ƙasa-ƙasa, ba kamar yadda ya saba ba. Alƙali ya ce magada biyu ne, gida rabi da rabi. Rabin Abdulgani ba mai taɓa shi, ba sayarwa ba rushewa, sai ya dawo. In kuma bai dawo ba, sai an jira ya cika shekara saba'in da haihuwa. Wani dillali ya ce ai haka littafi ya ce, dukiyar wanda ba ya nan a tsare take. Mala bai ce hukuncin ya yi ba.

Kwana shida bayan haka aka aiko kiran Fanta kotu.

Mala ya fito da wata takarda daga aljihu. Ta yi ja, ta karye a wuraren ninki. Muhuti ya karɓa ya karanta da Larabci, ya fassara. Daga mai unguwar 'yan ƙasarmu da ke Madani zuwa ga Mala ɗan Hajja a Fagge ta Kano. Bayan gaisuwa, ana sanar da shi ɗan'uwansa Abdulgani tela ya rasu da zazzaɓi cikin watan Sha'aban, an yi masa sutura, an sayar da kekensa an yi sadaka. Muhuti ya lissafa shekarar. Ta zo daidai da 1949.

Aka shigo da wasu tsofaffin alhazai biyu, ɗaya daga Fagge ɗaya daga cikin birni. Suka ce suna wurin, su suka ɗauki makara. Ɗayan ya ce shi ya kawo takardar da hannunsa ya ba Mala, shekarar da ya dawo.

Alƙali ya dubi Mala.

“Shekara tara tana hannunka?”

“Allah ya gafarta Malam, takarda ɗaya ba hujja ba ce. Ga matafiya suna cewa sun gan shi. Na rasa wanda zan gaskata. Ga mahaifiyata a kwance, ba abin da take kira sai sunansa. In ce mata ya mutu? Kashe ta zan yi?”

“Amsar da ka kawo mana fa?”

“Wani matafiyi ne ya ba ni. Yadda aka ba ni na kawo.”

“Shaidun nan biyu?”

“Fatake ne, Allah ya gafarta Malam. Rabona da su tun lokacin.”

Alƙali ya yi masa faɗa sosai. Ya ce ya ji tsoron Allah, ya nemi gafara, ya nemi yafiyar wadda ya zalunta. Mala ya sunkuyar da kai ya ce ya karɓi laifinsa. Sannan aka koma ga hukunci, domin hukunci da hujja yake tafiya, hujja kuma ta tabbata. Abdulgani ya riga mahaifiyarsa rasuwa, wanda ya riga mutuwa ba ya gado. Gida na Mala ne duka. Abin da matar za ta gada na mijinta ne, shi kuwa bai bar komai ba.

“Ke kuma,” in ji alƙali, ya sassauta murya, “takabar mamaci daga ranar rasuwa ake ƙirga ta, ba daga ranar da labari ya iso ba. Wata huɗu da kwana goma. Taki ta cika tuntuni. Babu igiyar kowa a kanki. Ko gobe kika sami miji, ki yi aurenki. Kina da magana?”

Fanta na durƙushe, hannuwanta a kan cinya.

“Allah ya gafarta Malam, tambaya ce.”

“Yi.”

“Shekarun nan tara da na yi a ɗakin nan, matar wa ce ni?”

Muhuti ya ɗaga alƙalami daga takarda. Alƙali ya shafa gemu, ya dubi littafin da ke gabansa, bai buɗe ba.

“A shari'a,” ya ce, “ba matar kowa ba.”

Ta ce ta gode.

Da yamma zaure ya cika fiye da kullum. Aka yi ta yaba zurfin mas'alar, yadda takarda ɗaya ta warware gado da aure da takaba a zama guda. Wani ya ce ya kamata ɗaliban alƙalanci su kwafe ta. Wani ya ce Mala ya yi kuskure, amma kuskuren mai son uwarsa ne, Allah na duba niyya.

Fanta ta sami Yagana a madafa ta ce tana son ta zauna ko kwana arba'in ne a ɗakin, ta yi wa mijinta zaman makoki.

“Ai kin ji abin da alƙali ya ce, ta wuce. Ƙari a kan shari'a ba kyau.” Yagana ta gyara itace a murhu. “Kuma ke ba muharramar maigida ba ce, yanzu ba Hajja, ba aure. Zamanki sai ya jawo magana. Magina ma za su zo ranar Asabar, za a fasa ɗakin a yi kanti.”

“Dama kin san ya rasu?” in ji Fanta.

Yagana ta amsa, idonta na kan murhu.

“Da an faɗa miki da kin tafi. Wa zai riƙe ta? Ni ga yara biyar. Ke kuwa ba ki da kowa a hannu. Kuma ba a bar ki da yunwa ba, Fanta, ki faɗi gaskiya.”

Mala ya yi abin da alƙali ya umarta. Ya zo bakin ƙofa ya ce, “Duk abin da ya faru, a yafi juna.” Ya saya mata turmin atamfa da tikitin jirgin Nguru, inda take da wani kawu da rabonta da shi tun tana budurwa. Mutanen unguwa suka ce ya kyauta, wani da ko tikitin ba zai saya ba.

Ranar Alhamis da safe ta ɗauki akwatinta. Ta biya ta Sabon Gari don ta yi wa Biriskila sallama. A tagar maganin wani mutum ne, ya ce an mayar da Malama Zariya shekara uku da suka wuce. Ta ce to. Ta juya ta kama hanyar tasha, tana tafiya a hankali saboda bayanta.

Ba a yi wa kowa rashin adalci a littafin kotu ba. Kowane zama an bi hujjar da aka kawo, kowane hukunci yana da babinsa. An tsare haƙƙin wanda ba ya nan alhali yana kabari, an tsare rabonsa na gida har sai da tsarewar ta zama nauyi ga mai rai. Wadda take nan kullum, wadda ana jin motsinta ta taga, ita ce ba a sami babin da za a buɗe mata ba. Shekarun haihuwarta sun ƙare a kan tabarmar wata, masu sanin shari'a suna bayan bango suna shan inuwa.

A tasha ta sami benci ta zauna. Wata mata mai goyo ta matsa mata wuri, ta tambaye ta inda za ta, ta faɗa.

“Ke kaɗai, Inna? Ina maigidan?”

Ba a taɓa ce mata Inna ba sai yau. Ta ɗan jima kafin ta haɗa kalmomin, don ba ta taɓa furta su ba.

“Ya rasu.”

“Allah sarki. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Yaushe?”

“Shekara tara.”

“Ayya, an daɗe,” in ji matar, tana jijjiga goyonta. “Ai yanzu kin warke.”

Wannan ce ta'aziyyar da aka yi wa Fanta, ba a yi mata wata ba. Ta ce amin. Jirgi ya yi kuka, mutane suka miƙe, ita ma ta dafa benci ta miƙe iyakar yadda bayanta ya bari.